Wace kyauta ce ta dace domin tunawa da mahaifiyarmu?

Tambaya: Mahaifiyarmu ta rasu watanni 4 da suka wuce, bayan ta shafe fiye da shekara 30 tana koyar da yara a makarantar Lahadi, tana kuma kan gaba a zumuntar mata wajen ziyarar marasa lafiya da taimakon gwauraye. Mu 'ya'yanta mun haɗa kuɗi domin mu ba ikkilisiya kyauta saboda tunawa da ita, amma kanmu ya rabu. Yayanmu yana so a sayi kujeru a rubuta sunanta a jiki, ni kuwa ina tsoron kada abin ya zama neman yabo. Me ya kamata mu yi?
Daga wata mai karatu

Amsa: 'Yar'uwa, Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya ba ku haƙurin wannan babban rashi.

Kafin ku yi maganar abin da za a saya, ku zauna ku tuna aikin da hannun Mama ya saba yi. A Ayyukan Manzanni 9:36-42, lokacin da Tabita, wadda ake kira Dokas, ta rasu a Yafa, aka kuma kirawo Bitrus daga Lidda, gwauraye sun kewaye shi a ɗakin bene suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka tun tana tare da su. Da waɗannan riguna suka ba da shaidar rayuwarta. Tunda Mama ta ba da ƙarfinta ga yara da gwauraye, ina ganin kyautar da ta fi kama da ita ita ce wadda za ta ci gaba da wannan aiki, kamar Littattafai Masu Tsarki da kayan koyarwa domin ajin da ta riƙe, ko kuɗin makarantar maraya ɗaya har ya gama. Kujeru ma ba laifi ba ne idan da gaske ana bukatarsu, shi ya sa ya kamata ku fara tambayar fasto da dattawan ikkilisiya, ku kuma ji ta bakin matan da suka yi hidima tare da ita, domin sun san inda take kai ƙafarta ba tare da kun sani ba.

Game da suna, tsoronki yana da tushe, domin Matiyu 6:3-4 ya koya mana yin sadaka a asirce. Sai dai wannan gargaɗi yana kan mai bayarwa ne. Yesu da kansa, a Markus 14:9, ya ce za a riƙa ba da labarin matar da ta zuba masa turare a Betanya domin tunawa da ita. Saboda haka ku rubuta sunan Mama a taƙaice, ku bar naku sunayen da adadin abin da kowa ya bayar, ina kuma sa rai wannan zai gamsar da ke da yayanki.

Idan kuka zaɓi tallafin da za a riƙa bayarwa kowace shekara, ku rubuta yarjejeniya da ma'ajin ikkilisiya, a fayyace wanda zai amfana, da wanda zai kula da kuɗin, da abin da za a yi idan bukatar ta canja, domin shugabanni suna sauyawa, alkawarin baki kuma yakan bi wanda aka yi da shi.