Tambayi Likita: Gashin Sankarar Mama da Yadda Za a Kula da Fata

Yawancin saƙonnin da suka shigo mini a wannan makon sun faɗo ne a kan abu ɗaya, wato gashin da ake yi wa masu sankarar mama a asibiti. Na zaɓi guda biyar, na sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Likita, wata biyu ke nan da aka cire mini ƙullutu a mama, yanzu kuma an ce sai an yi mini gashi a asibitin Shika da ke Zariya. Tsoro ya hana ni barci. Da wuta ake ƙona mutum? Tunda an cire ciwon, mene ne amfaninsa? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Sunan ne yake tsorata mutane, amma babu wuta a ciki, babu garwashi. Haske ne mai ƙarfi, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Za ki kwanta a kan gado, hannunki a ɗage sama da kai, injin ya zagaya ta gefenki. Ba za ki ga hasken ba, ba kuma za ki ji zafi ba. Aikin kansa 'yan mintoci ne, gyara miki kwanciya ne ma ya fi cin lokaci.

Amfaninsa kuwa, wuƙar likita tana cire abin da ido ya gani ne. Akan samu ƙwayoyin ciwon da suka maƙale a sauran naman, waɗanda hoto ma ba ya nunawa, su ne gashin yake bi ya kashe. Ga macen da aka cire mata ƙullutu aka bar maman, gashi yana rage yiwuwar dawowar ciwon da kusan rabi. Akan yi shi ne daga Litinin zuwa Juma'a, wasu sau 15 cikin mako 3, wasu sau 25 cikin mako 5, gwargwadon abin da likitanki ya tsara. Zanen da za su yi miki a ƙirji kafin a fara, kada ki dirje shi wajen wanka, da shi suke saita injin kullum.

Tambaya: Yau kwana 12 da fara yi mini gashi. Fatar wajen ta yi baƙi ƙirin, tana ƙaiƙayi, ƙarƙashin maman kuma ya fara saɓulewa. Surukata ta ce ƙonewa nake yi, in daina zuwa. Me zan yi? Daga Sakkwato.

Amsa: Kada ki daina zuwa, don Allah. Abin da kika gani shi muke tsammani, kuma a daidai lokacinsa ya zo, domin fata takan fara nunawa ne a mako na 2 zuwa na 3. Hasken yana ratsa fata kafin ya isa ciki, sai ya rage saurin da take sabunta kanta. A jikin farar fata ja wajen yake yi. Mu kuwa baƙi yake ƙara yi, ya bushe, wani lokaci ya yi ɗan sheƙi. Ƙarƙashin mama da hammata sun fi shan wahala saboda gumi da gugar fata da fata.

Ki yi wankanki kullum da ruwa mai ɗan ɗumi, wanda za ki iya yi wa jariri wanka da shi, da sabulu marar ƙamshi. Tafin hannu kawai za ki sa a wajen, soso ya huta. In kin fito kada ki goge, ki riƙa ɗora tawul mai laushi kina ɗagawa har ruwan ya tsane. Wankan tsarki ma haka za ki yi shi, ruwa ya game wajen a hankali ba tare da cuɗa mai ƙarfi ba. Sannan ki shafa mai marar turare sau 2 a rana a inda fatar ba ta fashe ba, ki ƙara idan lokacin hunturu ne. Ki tambayi masu yi miki gashin ko suna so ki zo da fatar babu mai.

Rigar mama mai ƙarfe a ƙasa ki ajiye ta tukuna. Ki sa riga mai faɗi ta auduga, in kina ɗaki ke kaɗai ki kwanta rigingine ki bar iska ta shiga ƙarƙashin maman. Ƙaiƙayin kuma kada ki sosa da farce. Akwai man shafawa da likitanki zai rubuta miki wanda yake kwantar da shi sosai.

Wajen da ya saɓule ki nuna wa nas gobe kafin ki hau injin. Suna da abin rufe rauni wanda ba ya mannewa. Kada ki liƙa filasta, domin wajen cirewa da fatar zai taho. Idan kika ga mugunya, ko wari, ko zazzaɓi, ko kumburi mai zafi, ranar za ki je asibiti, ba sai ranar da aka ba ki ba. Masu ciwon suga su ƙara sa ido a nan, rauninsu ya fi jinkirin warkewa.

Na taɓa duba wata baiwar Allah da ta yi mako biyu a gida saboda irin wannan shawarar. Da ta dawo fatar ta lafa, amma an karya tsarin maganin, kuma tazara irin wannan tana ba ƙwayoyin ciwon damar farfaɗowa. Har yau abin yana damuna. Ki tafi da surukarki asibiti ta ji da kunnenta, sau da yawa tausayi ne yake sa iyayenmu faɗin haka.

Tambaya: Ƙanwata ce ake yi wa gashi. 'Yan'uwa sun kawo man kaɗanya, zuma, da wani garin magani a kwaɓa a shafa. Wanne ya dace? Daga Damagaram.

Amsa: Malam, madalla da kulawarka. Garin magani kada ya taɓa wajen ko kaɗan, fata ce mai rauni, ƙwayoyin cuta za su samu ƙofa. Zumar kasuwa ma ba ta shafawa a rauni ba ce. Man kaɗanya tsantsa, wanda ba a haɗa da komai ba, ba ni da ja a kansa a fatar da ba ta fashe ba, amma ta nuna wa likitanta tukuna. Ta nisanci man bilicin, man zafi, humra, hoda, dilka da kurkur a wannan ɓangaren. Kada a gasa mata wajen da ruwan zafi, kada a ɗora ƙanƙara. Sunkuyawa a kan murhu da turara jiki da kasko su ma a ɗauke mata su. Hammatar wannan gefen kada reza ko man cire gashi su taɓa ta, sau da yawa gashin wajen da kansa yake zubewa.

Tambaya: Matata tana gashi. An ce kada yara su matso kusa da ita, ni ma in raba shimfiɗa. Gaskiya ne? Daga Gombe.

Amsa: Ba gaskiya ba ne. Da zarar an kashe injin, babu hasken da ya rage a jikinta. Ta rungumi 'ya'yanta, ku ci abinci kwano ɗaya, ku kwana ɗaki ɗaya. Abu guda za ku kiyaye, kada ciki ya shiga a wannan lokacin, domin hasken yana cutar da ɗan tayi, don haka ku nemi shawarar likita kan tazarar haihuwa da ta dace da ita. Za ka ga tana yawan gajiya, musamman a ƙarshe-ƙarshe. Ba son jiki ba ne, a rage mata aikin gida.

Tambaya: Na gama gashi kwana 8 da suka wuce, amma fatar ta fi lalacewa yanzu. Ciwon ne ya dawo? Baƙin nan zai tafi? Daga Maraɗi.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Aikin hasken yana ci gaba a fata bayan an gama, shi ya sa abin yakan kai ƙololuwa a mako 1 zuwa 2 bayan zama na ƙarshe. Daga nan sai ya fara sauka, yawanci cikin mako 4 zuwa 6 fatar ta haɗe. Baƙin ya fi daɗewa, yakan ɗauki watanni yana washewa, wasu kuma ɗan duhun ba ya tafiya gaba ɗaya. Kada ki bi shi da man ƙara haske. Ki ci gaba da shafa mai, ki rufe wajen daga rana ko bayan shekara ne, ki riƙa motsa kafaɗar kamar yadda aka koya miki don kada ta sandare. Maman zai iya ɗan tauri ko ya ɗan ragu, wannan sananne ne. Amma idan kika ji sabon ƙullutu, ko hannun ya kumbura, ko tari da haki suka kama ki, ki koma wurin likitanki a cikin makon, ki tafi da katinki da takardar da aka rubuta adadin gashin da aka yi miki.