Amsa: girka Windows ta PXE (tayar da kwamfuta ta hanyar sadarwa) ya tsaya a kan E32

Malam, sannu da fama. Ka ce kwamfutocin ɗakin karatunku na Tawa suna samun adireshin IP, sai su tsaya da saƙon PXE-E32. To, DHCP, mai raba adireshin, lafiyarsa lau, matsalar tana wajen TFTP, hanyar ɗauko fayil daga sabar: kwamfuta ta nemi fayil ɗin tashi, ba ta samu amsa ba. Duba ko katangar tsaron sabar ta toshe ƙofa ta 69 ta UDP. Na kwana biyu a kan wannan a Yamai, raina ya ɓaci sosai.

In ƙofar a buɗe take, dubi zaɓi na 66 na DHCP, wanda ke nuna wa kwamfuta sabar TFTP, wataƙila adireshin sabar ya canza bayan ɗaukewar wuta. Ka ba ta adireshi tsayayye.