Akwatin kallona ya kulle, mai shago ya ce in kawo kuɗin filashin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan akwatin kallo na intanet suka zo, wato ɗan ƙaramin akwatin nan da ake jonawa a bayan talabijin a kalli YouTube da ƙwallo da finafinai. Na zaɓi guda uku, na farkon shi ya fi ci min rai don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Wani ɗan'uwa daga Gwallameji nan Bauchi ya rubuto: "Malam na sayi akwati na hannu naira 35,000, mai shagon ya ce duk tashoshin ƙwallo suna ciki kuma ba biyan wata har abada. Wata biyu yana aiki lafiya lau, ranar Asabar ana dab da take wasa sai kawai ya rubuto da turanci wai na'urar ba ta da izini, in tuntuɓi mai ba ni sabis. Na koma shagon ya ce in kawo 10,000 a yi filashin. In kai?"

Ɗan'uwa kar ka kai tukuna, wallahi riƙe kuɗinka. Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne kwadon da aka datse ba a cikin akwatin yake ba, yana can wajen wanda ke turo maka tashoshin. Kowane akwati yana da lambarsa ta shiga intanet da ake kira MAC, haruffa da lambobi 12 ne, galibi za ka gan ta a takardar da aka manna a ƙarƙashinsa. Duk lokacin da ka kunna, akwatin yana aika wannan lambar ko sunan asusu zuwa sabar masu tashoshin, wato babbar kwamfutar da suke turo maka tashoshin daga cikinta, su duba littafinsu, in sunanka na ciki su buɗe, in an goge su mayar da kai. Kamar dikodar GOtv ce in kuɗin wata ya ƙare ta nuna maka E16, ai ba ka ɗaukarta ka kai wa mai gyara ya kwance, ka san daga can kamfani aka rufe kuma daga can za a buɗe. Bambancin kawai GOtv kamfani ne mai ofis da lambar waya, su kuwa waɗannan ba ka san ko su waye ba balle ka san ƙasar da suke.

Toh abin da na fi zato ya faru da kai shi ne mai shagon ya sayi rijistar wata biyu ko uku a wajen wani dillali ya zuba maka, ya kira ta har abada don ka saya, yanzu ta ƙare. Filashin ɗin da yake faɗa ba komai ba ne illa sabunta wannan rijistar, zai ɗauki waya ya tura wa dillalin kuɗi a mayar da lambarka cikin littafi, bayan wata biyu ka sake dawowa da wata 10,000 ɗin. Ko kuma sabar gaba ɗaya aka rufe, don yawancin masu sayar da ɗaruruwan tashoshi a kuɗi kaɗan ba su da lasisin nuna su, haƙƙin nuna gasar Firimiya ta Ingila a nan ƙasar a hannun SuperSport yake, kuma masu haƙƙin ba sa barci, suna sa a rufe irin waɗannan sabobin. In haka ne ko dubu ɗari ka biya ba abin da zai dawo.

Kafin ka koma shagon gwada abu biyu a gida. Duba kwanan wata da agogon akwatin a cikin saiti, irin yadda wuta ke ɗaukewa ta dawo a nan wasu akwatunan agogonsu na komawa shekarun baya, kuma saba ba ta yarda da na'urar da agogonta ya kauce, na sha ganin wannan kaɗai ya gyara matsala. Sannan ka buɗe YouTube. In YouTube ya yi aiki to akwatinka lafiyarsa ƙalau, manhajar tashoshin ce kawai aka rufe, kana iya ci gaba da amfani da shi. In kuwa tun daga kunnawa ba ya barinka ka wuce shafin farko, kuma akwai tambarin wani kamfanin sadarwa na Turai ko Amurka a jikinsa, to irin akwatin da kamfani ke ba masu biyansa kuɗin wata ne a can, mai shi ya daina biya aka rufe shi aka zubo mana cikin kayan Beljiyam. Wannan kam ka mayar masa ya ba ka kuɗinka ko ya canza maka. Ka je da mutum ɗaya da ya san lokacin da aka yi cinikin, ka yi magana cikin natsuwa, in ya ƙi akwai shugabannin kasuwa, kuma dokar kare masu saye ta 2018 wadda ta kafa hukumar FCCPC ta hana a sayar wa mutum kaya da bayanin ƙarya. Ni abin da ke min ciwo kalmar "har abada" ɗin nan ce, mutum ya tara kuɗinsa da ƙyar don yaransa su daina zuwa gidan kallo da dare, a dube shi a faɗa masa abin da an san ba gaskiya ba ne.

Saƙo na biyu daga wata Hajiya ne a Tunfure, Gombe. Ta ce ƙaninta da ke Ingila ya aiko wa yaranta Fire TV Stick, wato irin wannan akwatin na kamfanin Amazon mai siffar 'yar sanda, wanda ya yi amfani da shi a can, sun jona ya kama amma rimot ɗin ba ya amsawa ko kaɗan, kuma da suka samu ya motsa sau ɗaya sai ya nemi lambar sirri. Tana tambaya ko ta sayi wani ne kawai.

Hajiya ranki ya daɗe kar ki sayi komai, naki mai sauƙi ne in sha Allah. Rimot ɗin Fire TV da bulutut yake aiki, ba irin na talabijin da ake nuna shi saitin gilashi ba, don haka sai an haɗa shi da sandar. Ki sa sabbin batura ƙanana masu kyau guda biyu, ba irin na tire da ke mutuwa a kwana uku ba, a tsaya kusa da talabijin a danne maɓallin da ke da hoton gida kamar daƙiƙa 10 har ya haɗu. Ita kuma lambar sirrin ta kulle yara ce da ƙaninki ya sa, ki kira shi kawai ya faɗa miki. Amma shawarata a goge komai a fara daga farko, a danne maɓallin komawa baya tare da ɓangaren dama na zoben rimot ɗin daƙiƙa 10, zai tambaya ko a mayar da shi yadda ya fito daga kamfani, a amsa. Shi ma ƙanin naki ya shiga asusunsa na Amazon ya cire sandar daga jerin na'urorinsa. Daga nan babban ɗanki ya buɗe asusu da imel ɗinsa, kyauta ne. Dalilin da ya sa na nace, matuƙar asusun ƙaninki na kai to katin bankinsa ma na kai, yaro zai iya danna saya bai sani ba a cire wa bawan Allah fam a Ingila. Wasu manhajojin da yake kallo a can kamar ta BBC iPlayer ba za su buɗe a Gombe ba, don na mazauna Birtaniya ne, ba lalacewa ba ce. Kuma in wani shafi ko wata lambar waya ta ce ki biya kuɗin kunna sandar, 'yan damfara ne, Amazon ba ya karɓar kuɗin kunnawa.

Inda ake samun matsala da irin wannan sandar shi ne in an saye ta a hannun wanda ba a sani ba kuma asalin mai ita ya kai rahoton ta ɓata, kamfanin na iya toshe lambarta ta ƙi karɓar kowane asusu, kamar dai iPhone mai kullen iCloud da masu sayar da waya suka sani tun 2013. Naki daga hannun ɗan'uwa ya fito, ba ki da wannan fargabar.

Na ƙarshe ɗalibi ne daga jami'ar ATBU da ke nan Bauchi, ya ce su huɗu suka haɗa kuɗi a ɗakinsu a Yelwa, wanne za su saya don kar su faɗa irin wannan ramin?

Ƙanina ku sayi wanda kullensa ke hannunku. Sabo a kwali in kuɗin ya kai, irin su Xiaomi TV Box ko Fire TV Stick ko wani mai Google TV na gaske, wanda ku za ku sa asusunku da kanku. Ku guji marasa suna da ake rubuta 8K da manyan lambobi a kwalinsu ana cewa komai kyauta, a watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa da yawa daga irin waɗannan arahar suna zuwa da muguwar manhaja da ake kira BADBOX tun daga masana'anta, tana amfani da intanet ɗinka a ɓoye, ga datarku tana tafiya ga imel ɗinku a kai. In na hannu za ku saya to kar ku biya sai an gwada a gabanku, ku kunna hotspot na wayarku a shagon, a goge akwatin a mayar da shi sabo kuna kallo, ku sa asusunku, ku buɗe YouTube da Netflix ku ga sun yi, duk mai shagon da ya ce kar a goge don tashoshi za su tafi ya riga ya faɗa muku cewa kullen na hannun wani. Ku karɓi rasit da lambar akwatin a rubuce a jiki.

Sai maganar data wadda ita ce ainihin kuɗin watan da ba a faɗa muku a shago. A lissafin Netflix da kansu awa ɗaya na hoto mai kyau sosai na iya cin kusan 3GB, na matsakaici kusan 1GB, wasan ƙwallo ɗaya da hutun rabin lokaci ya kusa awa biyu, ku lissafa da kanku ku huɗu a wata. Ku shiga saiti ku rage ingancin hoton zuwa 480 ko 720, a talabijin mai inci 32 ba za ku ga wani bambanci sosai ba. In kuma ƙwallo ce kawai damuwarku ku kwatanta wannan lissafin da kuɗin watan GOtv ko StarTimes kafin ku yanke, ku tabbatar kunshin da za ku biya yana da gasar da kuke so, sau da yawa dikodar ta fi sauƙi kuma ba ruwanta da netwok ɗin Yelwa in ɗalibai sun cika gari.