Majalisar da ta kaɗa ƙuri'ar rushe kanta

Tambaya: Salamu alaikum. Don Allah naji ance a Ostiraliya akwai jihar da majalisar dokoki ɗaya kacal take da ita, alhali sauran jihohin biyu-biyu gare su. Wace jiha ce, kuma ya akai ta rasa ɗayar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Jihar Queensland ce, kuma ita ma da biyu gare ta. Akwai ta ƙasa ta zaɓaɓɓun wakilai, da ta sama mai sake duba dokokin da ta ƙasan ta yi. Ta saman ta fara zama ne a 1860, ba zaɓen membobinta ake ba, gwamna ne ke naɗa su, in an naɗa mutum kuma to shikenan sai mutuwa ko in shi ya ga dama ya sauka. Yawancinsu manyan masu filaye ne da 'yan kasuwa.

Rigimar ta taso ne da jam'iyyar Leba ta hau mulki a 1915 ƙarƙashin T. J. Ryan, sau da yawa dokar da zaɓaɓɓun wakilai suka yi don ma'aikata sai ta je sama a yi fatali da ita ko a yi mata kwaskwarimar da ba za ta moru ba. A 1917 gwamnati ta kai maganar rushe majalisar ta sama gaban jama'a akai ƙuri'ar raba gardama, mutane suka ce a'a, a bar majalisar.

To sai Leba ta canza salo. A 1920, lokacin Ted Theodore na firimiya, wato shugaban gwamnatin jihar, mataimakin gwamna William Lennon, wanda dama tsohon ɗan Leba ne, ya naɗa sabbin membobi 14 'yan jam'iyyar suka samu rinjaye. Har laƙabin 'yan ƙunar baƙin wake akai musu, don aikin da ya kai su kenan, su kaɗa ƙuri'ar da za ta raba su da kujerunsu. Suka kuwa yi a 1921, majalisar ta daina aiki ranar 23 ga Maris 1922.

Ni dai a ganina majalisar da ba wanda ya zaɓe ta bai kamata ta dinga taka wa zaɓaɓɓu birki ba, wannan kam gaskiya ne. Amma fa abin da ke damuna shine an tambayi jama'a sun ce a'a, kuma aka zagaya ta bayan gida aka yi. Shi ya sa da binciken da lauya Tony Fitzgerald ya jagoranta daga 1987 zuwa 1989 ya tono cin hancin da ya yi katutu a 'yan sanda da gwamnatin jihar, mutane da dama suka ce rashin majalisa ta biyu mai sa ido ya taimaka. Zauren nata na nan a ginin majalisa a Brisbane, ana taruka da bukukuwa a ciki.