Kan Dutsen Watan da Ya Zama Itace

Ɗana, na ga saƙonka. Kana tambaya ko al'adar manyan ƙasashe ce su yi wa juna kyautar bogi, tunda an gano dutsen watan da ke gidan tarihin Holan itace ne, kuma ko wannan bai isa hujjar cewa ba a taɓa zuwa wata ba, kamar yadda abokanka ke cewa.

Labarin gaskiya ne, amma gutsure shi aka yi maka. A watan Oktoban 1969 'yan sama jannatin Apollo 11, tafiyar da aka fara sauka a wata, suka ziyarci Holan, sai jakadan Amurka, Middendorf, ya ba tsohon firaminista Willem Drees wani ɗan dutse. Dattijon yana da shekara 83 a lokacin. Katin da ya rako kyautar bai ce daga wata dutsen ya fito ba, cewa kawai ya yi don tunawa da ziyarar ne. Bayan rasuwarsa a 1988 dutsen ya koma gidan tarihin Rijksmuseum da ke Amsterdam, aka rubuta masa suna dutsen wata, har da inshora mai tsada. Sai a 2009 masana duwatsu na wata jami'ar birnin suka duba, suka ce itace ne da ya daɗe a ƙasa har ya sandare ya zama dutse.

To, ga inda al'ada ta shigo. Ko'ina a duniya, babba in ya ba ka abu, godiya ake yi, ba a kai shi a auna. In mai abin ya rasu, magada su gaje shi tare da labarinsa, kuma kunya ta hana kowa ya ce an yi kuskure. Wannan ladabi ne mai kyau tsakanin mutane, ni ma a kansa na tashi. Amma gidan tarihi ba ɗakin gado ba ne, amanar jama'a ke hannunsa. Waya kawai suka buga wa NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ba tare da an ga dutsen ba, kuma a nan nake ganin laifinsu.

Kyautar gaskiya ta ƙasa da ƙasa daban take. Shugaba Nixon na Amurka ya raba wa ƙasashe 135 'yan ƙwayoyin dutsen wata ƙanana ƙwarai daga Apollo 11, a rufe cikin roba mai kama da gilashi, tare da tutar kowace ƙasa. Na Holan suna gidan tarihin Boerhaave a Leiden. Wa zai ciri babban dutse wata uku da dawowa ya miƙa wa Drees, wanda ya bar mulki tun 1958?

Batun zuwa wata kuwa, tafiya shida tsakanin 1969 da 1972 sun kawo kilo 382 na duwatsu da ƙasar wata, kuma masana na ƙasashe da dama sun bincika su. Jikinsu cike yake da 'yan ramuka na ƙurar sararin samaniya, abin da iskar duniyarmu ke tarewa. Tarayyar Sobiyet, babbar abokiyar gabar Amurka, ta ɗebo tata ƙasar watan da na'urar Luna 16 a 1970, ta gwada da ta Amurkawa, ba ta ƙaryata su ba. Ka tambayi abokan naka: in sun yarda da masanan da suka ce wancan itace ne, don me za su ƙi su in sun ce waɗannan daga wata suke?

Ka gaishe min da mahaifiyarka. Allah ya yi maka albarka.