Ciwon kai da hazo-hazo a idon mai ciki wata takwas

Ɗan'uwa, ka ce maiɗakinka tana fama da ciwon kai, tana ganin hazo-hazo, fuskarta da hannayenta sun kumbura har zobe ya ƙi fita, kuma mutanen gida suna cewa laulayi ne. Don Allah ka kai ta asibiti yau, domin waɗannan alamomin hawan jinin masu ciki ne, wanda idan aka yi sakaci yakan kai ga jijjiga.

A asibitin za a auna hawan jininta, a kuma tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsarinta. Idan awon ya kai 140/90 kuma aka sami sinadarin furotin a fitsarin, to cutar ta fara taɓa ƙoda, hazon idon kuwa yana nuna ta fara shafar ƙwaƙwalwa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2002, wanda ya ƙunshi mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya tabbatar da cewa allurar wani magani mai suna magnesium sulfate, da ake yi wa masu wannan cutar, tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi.

Tunda kuna kusa da Jahun, ku nufi babban asibitin garin da katin awonta. Idan jijjigar ta kama ta a hanya, a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa mata cokali ko a ɗura mata ruwa a baki.