Zauren Tsohon Hedimasta: Ƙofar Honorabul da Ƙofar Aji

Wasiƙu uku na zaɓa a wannan mako. Masu tambaya a kan fansho su yi haƙuri sai wani jiƙon, ni ma raina bai gama hucewa a kan maganar ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗan Mabera ne, shekarata 29. Na yi digiri, yajin aikin ASUU na 2022 ya ci mini wata takwas, na daure na gama, na yi bautar ƙasa. Yau kabu-kabu nake yi, mashin ɗin ma ba nawa ba ne, balas nake kai wa mai shi kowace yamma. Akwai wanda muka yi sakandare tare, daga nan ya tsaya, ya bi wani ɗan siyasa. Yanzu an ba shi muƙamin mataimaki na musamman, ya sayi mota, ya yi aure. Ranar Juma'a na ɗauko fasinja wajen Gawon Nama ya wuce ni, har da danna mini hon. Mahaifina ya ce in aje girman kai in riƙa zuwa gaisuwa gidan Honorabul ɗinmu. In tafi? Kuma don Allah Baba, karatun nan ba yaudara ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Hon ɗin nan ne ya sa ka ɗauki biro, na sani. Wataƙila ma gaishe ka ya yi da zuciya ɗaya, amma mai fama da rana a kan mashin ɗin wani, komai ya ji sai ya zame masa habaici.

Bari mu fara da lissafi, shi na koyar shekara 35. A 2019 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, litar mai naira 145. Ka raba, za ka samu lita ɗari biyu da 'yan kai. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, a 2024 aka ɗaga albashin zuwa 70,000, kafin ƙarshen shekarar lita ta haura naira 1,000. Sake rabawa: lita saba'in, ko ma ƙasa. Wato ma'aikacin da kake ɗauka zuwa sakatariya an ƙara masa kuɗi aljihunsa ya ƙara ramewa, shi ya sa yake jayayya da kai a kan naira hamsin. Ga iyakar Illela da aka rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024, masu cin abinci da wannan hanya suka zauna watanni. Tun kafin wannan duka, a 2022, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Nijeriya miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da yawa, kuma Sakkwato ce kan gaba da kashi 91 cikin ɗari. Na kawo maka waɗannan ne don ka daina kwana kana tuhumar kanka. Ba lalacinka ba ne.

To, maganar gaisuwa. Na taɓa zuwa, ba zan ɓoye maka ba. Bayan na yi ritaya kuɗin sallamata suka maƙale, wani abokina ya ce in je gidan wani babba ya sa baki. Na sa farar rigata ta Juma'a, na isa bayan sallar asuba. Na tarar an riga ni. Tabarmi uku a gindin dogon yaro, duk sun cika: mai takardar asibiti a leda, mai neman ragon suna, wani tsoho da ya zo daga ƙauye da katin zaɓensa a hannu kamar shi ne tikitin shiga. Ba mai yi wa kowa magana, kowa idonsa na kan ƙaramar ƙofar get. In ta motsa sai ka ga duk an gyara zama. Wajen sha ɗaya wani saurayi ya fito da waya biyu a hannu, ya dube ni ya sake dubawa, sai ya durƙusa. Ɗalibina ne, ni na koya masa haɗa baƙi a aji biyu. Ya ce, "Malam, mi ya kawo ka nan? Wanga wuri ba naka ba na." Azahar ta yi aka ce Oga ya fita ta ƙofar baya, ya wuce Abuja. Aka bi layi ana miƙa wa kowa naira dubu biyu. Na karɓa, kunyar ƙin karɓa a gaban mutane ta kama ni. Har na iso gida kuɗin na dunƙule a tafin hannuna, sun jiƙe da zufa.

Abin da ya tsaya mini a wuya, kuɗin da na je nema nawa ne, gumina ne. Na tashi daga mai haƙƙi na koma mai roƙo a cikin safiya ɗaya, kuma ba wanda ya tilasta mini. Mu Sakkwatawa mun iya ladabi, abin alfaharinmu ne, amma mun bari ladabin ya ci mu. A gina rijiyar burtsatse da kuɗin ayyukan mazaɓu, wato kuɗin baitulmali, a rubuta sunan mutum a jikin tankin da jan fenti, mu kwashi dattawa mu je godiya. Kuma a garin da aka kafa a kan wa'azin da ya soki sarakunan wancan zamani saboda karɓar gaisuwa da ɗora wa talaka harajin zalunci.

Ba zan ce ka saɓa wa mahaifinka ba. Ka je sau ɗaya. Ka rubuta abin da kake so a takarda guda, abu takamaimai: wasiƙar shaida zuwa wurin da ka san ana ɗaukar ma'aikata, ko a sa sunanka a shirin ba da jari in akwai. Ka miƙa, ka yi sallama, ka hau mashin ɗinka. Abin da nake hana ka shi ne zaman tabarma. Wanda ya saba da shi, shekara huɗu za ta wuce bai iya komai ba sai sanin ƙarar motar Oga. Muƙamin abokinka kuwa da kujerar maigidansa yake tafiya, ranar da aka kayar da shi a zaɓe ranar zai ƙare. Zanen aro ba ya rufe katara. Na ga tsofaffin mataimaka na musamman suna sayar da motar da kuɗin hayar gida, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ba fata nake yi masa ba, Allah ya ɗore masa.

Karatu kuwa ba shi ya yaudare ka ba. Mu ne muka yaudare ku, mu malamai da iyaye. Mun taso lokacin da mai takardar malanta ta Grade II aiki ke jiransa tun bai bar makaranta ba, sai muka ci gaba da gaya muku "yi karatu ka samu aikin gwamnati" alhali kujerun sun daɗe da cika. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kaɗai tun 1975 take nan, ga Jami'ar Jiha, ga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ga Foliteknik ta Umaru Ali Shinkafi, kowace shekara suna yaye dubbai. Wace ma'aikata za ta kwashe su? Amma dubi wasiƙarka: tsaf, ba kure, ka faɗi damuwarka a layi goma. Akwai dillalan albasa da na fata a garin nan da ke juya miliyoyi, lissafinsu duk a ka yake, ko a bayan kwalin sigari. Kana kai su kasuwa kullum, ka taɓa tambayar ɗaya ko yana son mai rubuta masa shige da fice? Sannan ka karanta wasiƙar da ke biye, da kai nake.

Tambaya: Malam ina wuni. Ɗiyata tana aji biyar a makarantar gwamnati, amma jiya na ba ta takardar magani ta karanta mini ta kasa. Ta ce su sun fi ɗari a aji, a ƙasa suke zama. Ba mu da halin kai ta ta kuɗi. Babanta ya ce tunda ba abin da take koyo, gara ta ɗauki tallar fura ta tara kayan ɗakinta. Ni raina bai so. Mi za ni yi? Uwar ɗiya huɗu, Gidan Igwai.

Amsa: Lafiya lau ƙanwata. Kada ki yi wa yarinyar faɗa. Na taɓa riƙe aji mai yara 112, alli ɗaya a hannu. Layi uku na gaba su ke jin abin da nake faɗa, na baya sai dai su maimaita abin da na gaba suka rera. Yaro zai iya rera "A, B, C" shekara biyar bai san wane baƙi ne B a kan takarda ba. Kuma ba a maimaita aji yanzu, tura su ake yi gaba kamar buhunan gero.

Ki sani, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce firamare shekara shida da ƙaramar sakandare shekara uku kyauta ne kuma dole ne. Akwai kuɗi na musamman da hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, ke riƙewa, kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, jiha ta kawo nata kason a haɗa a gina azuzuwa a sayi bencina. Bencin da ɗiyarki ba ta samu ba haƙƙinta ne. Masu sa hannu a takardun nan nasu 'ya'yan na makarantun da ake kai su da mota mai sanyi, shi ya sa ba su jin zafin simintin da yaranmu ke zama a kai. Sai an tuna musu, kuma da takarda ake tunawa.

Kowace makarantar gwamnati ya kamata tana da kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda ake kira SBMC, kuma akwai kujerar mata a ciki. Ki tambayi hedimasta su wa ke cikin naku da ranar da suke zama. In ya ce ba ya aiki, ki samu uwaye biyar ko shida, ku je wurin mai unguwa, a rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma: aji kaza, yara kaza, benci babu. Ku sa kwanan wata, ku aje kwafi, bayan wata guda ku sake rubutawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hedimastoci da yawa murna za su yi, domin su in suka rubuta ana iya cilla su wani ƙauye, ku kuwa ba mai canja muku wurin aiki.

Sai dai wannan hanya doguwa ce, yarinya kuma girma take yi. Ku haɗa kuɗi kaɗan-kaɗan, gida goma, ku samu mai koya wa yaran karatu a zaure tsakanin la'asar da magariba. Da Hausa za a fara, ba, be, bi, bo, bu, harshen da take mafarki da shi. Yarinyar da ta kai aji biyar, in ta samu mai zama da ita, wata uku zuwa huɗu za ki ji tana karanta allunan shaguna a hanya. Ɗan kabu-kabu na Mabera, ka ji inda digirinka zai fara aiki.

Babanta kuwa ki lallaɓa shi, ba ƙiyayya ba ce, rashi ne ke magana. Ki tuna masa a garin Nana Asma'u muke, wadda ta riƙa naɗa jajis, wato malamai mata, ta ɗora musu malfa, su bi ƙauyuka suna karantar da mata 'yan taru. In fura ta zama dole, a sayar a ƙofar gida bayan an taso makaranta. Tasha da bakin kasuwa kam a'a, kin fi ni sanin dalili.

Tambaya: Baba, in an kawo taliya da atamfa da 'yan kuɗi lokacin zaɓe, in karɓa ko in ƙi? Wasu sun ce ai kuɗinmu ne. Mai shayi, Runjin Sambo.

Amsa: Ni ba malamin fatawa ba ne, wannan ɓangaren ka kai wa limaminku. A doka dai, Dokar Zaɓe ta sa laifi a kan mai bayarwa da mai karɓa. A ce an ba ka naira 5,000. Wa'adi shekara huɗu ne, kwana 1,461. Ka raba: bai kai naira huɗu a rana ba, ko cokalin sukarin da kake zuba wa a shayi bai saya. Masu cewa "ka karɓa ka zaɓi wanda kake so" ina jin su, amma na san halinmu, wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. A zaɓen 2023, da takardun kuɗi suka yi wuya saboda canjin naira, kwalin taliya aka aiko gidana da turmi ɗaya wai na uwargida. Na ce ɗan aiken ya mayar. Uwargida ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, atamfar ta yi mata kyau.